Sharhi kan micro:bit V2 a ajin lissafi da kimiyya

Malamin da ya ƙudura koyar da lissafi da kimiyya ta hanyar aikin hannu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne matsalar awo. Yara za su iya ƙera lilo ko su shuka iri a gwangwani, amma muddin babu lambobin da suka auno da kansu, babu abin da za a lissafa, sai aikin ya tsaya a ado. Wannan giɓin ne micro:bit, wata ƙaramar kwamfuta mai ma'aunai a jikinta, ke cikewa, kuma a ganina ya cancanci shiga ajin 'yan shekara 10 zuwa 15, da sharaɗin malami ya san inda awonsa yake daidai da inda yake kaucewa.

BBC ce ta fito da shi a Birtaniya a 2016, ta raba kusan miliyan ɗaya ga 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 12. Samfuri na biyu, V2, ya fito a 2020, kuma shi nake magana a kai. Ɗan allo ne mai santimita 4 da 5. A fuskarsa akwai jajayen fitilu 25, layi biyar-biyar, da maɓallai biyu, A da B. A jikinsa akwai ma'aunin motsi, kamfas, ma'aunin zafi, rediyo da Bluetooth, sannan V2 ya ƙaro makirufo da 'yar lasifika. A gefen ƙasa akwai zobba biyar na maƙala waya: 0, 1, 2, sai 3V mai ba da wuta da GND inda wutar ke komawa. Yana aiki da kebul na USB ko batir AAA guda biyu. Akwai kunshin aji mai guda 10 wanda ke zuwa da kebul da gidan batir. Wayoyi masu bakin kada ba sa ciki, kuma ba a yin nisa ba tare da su ba, don haka a tanadi aƙalla huɗu ga kowane allo.

Ana rubuta masa umarni a MakeCode na Microsoft, inda yaro ke jawo tubala yana harhaɗawa a fuskar kwamfuta, ko kuma a Python ga waɗanda suka ɗan yi gaba. Babban dalilin fifita V2 a kan na farko shi ne ajiyar bayanai. Allon na iya aunawa yana adana sakamako a cikinsa ba tare da kwamfuta ba. Idan aka jona shi daga baya, sai a buɗe fayil mai suna MY_DATA.HTM a ga jadawalin duk abin da ya auna, a kwashe shi zuwa Excel ko makamancinsa. Abin lura ɗaya: loda sabon umarni yana goge abin da aka adana. Ɗalibi ya gyara tubali ɗaya ya sake lodawa kafin ya kwafe, awon mako guda ya tafi. Dole ya zama doka a aji cewa kwafewa ke gaba da gyara.

Aikin da ya fi nuna ƙimar wannan na'ura shi ne lilo. A ɗaure allon da gidan batirinsa wuri ɗaya da robar ɗauri, a rataye su da zare biyu da suka haɗu ƙasa kamar harafin V, don zare ɗaya yana barin allon ya riƙa juyawa. A umarce shi ya adana jimlar ƙarfin motsi sau 20 a kowace daƙiƙa na tsawon daƙiƙa 30. A ja shi gefe kamar digiri 15 a saki, ba turawa. Idan yana rataye shiru zai nuna wajen 1024, wato jan ƙasa kaɗai. Yana fara lilo lambar za ta riƙa hawa da sauka, tazarar kusan 100, wadda ta isa a gani sarai a zanen layi.

A nan ne yawancin rukunai ke tuntuɓe, kuma tuntuɓe ne mai albarka. Za su auna tazarar da ke tsakanin tudu biyu a zanen, su ce lilo mai tsawon mita 1 yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa 1, alhali amsar daƙiƙa 2 ce. Dalili shi ne ƙarfin yana kai ƙololuwa duk lokacin da lilon ya bi ta tsakiya, kuma sau biyu yake bi ta nan a zagaye guda, da tafiya da dawowa. Kada malam ya yi saurin faɗa musu. A ba su agogo su ƙirga zagaye 10 da ido, su raba da 10, su ga amsoshin biyu sun saɓa, su nemo dalili da kansu. Kuskure na biyu shi ne auna tsawo zuwa ƙarshen zare kawai. Tsawon lilo yana kai wa tsakiyar nauyin abin da ke rataye ne, kuma batir biyu sun fi allon nauyi, don haka wurin da aka ɗaure su yana da tasiri. Da zare mai V kuwa, tsawon da ake nufi shi ne na miƙe daga sandar rataya zuwa ƙasa, ba tsawon zaren ba.

Daga nan lissafin ke buɗewa. A gwada santimita 25, 50, 75 da 100. Na 25 zai ba da kusan daƙiƙa 1, na 100 kusan 2: an ninka tsawo sau huɗu, lokaci ya ninku sau biyu kacal. Zanen tsawo da lokaci zai fito a lanƙwashe. Idan suka ninka kowane lokaci da kansa suka sake zanawa, sai layi ya miƙe. Manyan ɗalibai za su iya ciro jan ƙasa daga gangaren layin, su sami abin da ke kusa da 9.8, wato gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Yaron da ya ga lanƙwasa ta miƙe a kan awon da ya yi da hannunsa ba ya buƙatar a roƙe shi ya yarda da ƙa'idar.

Ma'aunin zafinsa kuwa shi ne rauninsa mafi girma, kuma ya kamata a faɗi wannan ƙarara. Ba iskar ɗaki yake aunawa ba, zafin ƙwaƙwalwar allon yake karantawa. Sakamakon yakan ɗara na ɗaki kaɗan, yana jinkirin bin canji, kuma a MakeCode cikakkun lambobi yake bayarwa, babu rabi babu kwata. Jera allo 10 a tebur ɗaya, ba lalle duka su yi daidai ba. Ya isa a kwatanta rana da inuwa, amma gwajin wane abu ya fi riƙe zafin ruwa ya fi ƙarfinsa, ga shi ruwa bai kamata ya taɓa shi ba sam. Don wannan a nemi ma'aunin DS18B20 mai rufin ƙarfe da ake tsomawa a ruwa, wanda kuskurensa ba ya wuce rabin digiri tsakanin -10 da 85. Yana buƙatar resista, wato ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai om 4,700 tsakanin wayarsa ta bayanai da 3V, da ƙarin tubala da ake saukewa a MakeCode. In aka manta resistar, lambobin banza za su fito. Kuma ƙasa da bolt 3 ba ya aiki yadda ya kamata, saboda haka batir da ya fara sanyi ko batir mai caji, wanda biyunsa bolt 2.4 ne, zai iya ɓata awon. A jona da USB a wannan gwajin. Kafin a fara, a tsoma shi a ruwan ƙanƙara mai narkewa a ga ko ya nuna kusa da 0. Sai a zuba mililita 200 na ruwa mai ɗumin digiri 50 a kofuna iri ɗaya, kowanne da irin lulluɓinsa, a adana awo kowane minti na rabin awa.

Awon danshin ƙasa ya fi sauƙi, ƙusa biyu kawai yake so. A kafa su da tazarar santimita 3, a jona ɗaya da zobe na 1, ɗaya da zobe na 0 da zai karanta lamba tsakanin 0 da 1023. Jiƙaƙƙiyar ƙasa na ba da lamba babba. Masu gaggawa kan jona ƙusar farko kai tsaye da 3V, lantarki ya yi ta bi dare da rana, cikin 'yan kwanaki ƙusar ta ci tsatsa, lambobi su fara zamewa ko da danshin bai canja ba. Maganinsa a kunna zobe na 1 lokacin karatu kaɗai, a kashe nan take. A kuma sani cewa abin da ake aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ƙasar, don haka zuba taki yana ɗaga lambar ko ba a ƙara ruwa ba. Lambar ba ta da ma'ana sai an yi mata ma'auni: giram 200 na busasshiyar ƙasa, a riƙa ƙara mililita 10 na ruwa ana gaurayawa ana rubutawa. Wannan jadawalin shi ne lissafin aikin.

Rediyonsa na da daɗin aiki wajen tara sakamakon aji duka, misali kowane rukuni ya jefa ɗan lido sau 100 ya aika wa allon malam, a ga yadda jifa 1,000 ke matsowa kusa da 167 ga kowace fuska. Akwai tashoshi daga 0 zuwa 255. A ba kowane aiki tasharsa a rubuce, in ba haka ba saƙon wannan tebur zai faɗa wancan. A fili yana iya kai mita 70, bango kuwa yana rage shi sosai.

Sauran matsalolinsa ƙanana ne amma suna cin lokacin darasi. Idan kwamfuta ba ta ga allon ba, a fara zargin kebul, don wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. 'Yar filogin batir ana zare ta ne ta jikin robarta, jan waya yana tsinke ta. Bakin kada kan zame ya taɓa siraran layukan da ke gefen zobe, awo ya rikice. Zoben 3V ba ya ba da fiye da miliamfa 190, kuma ba a jona mota, wato ƙaramar na'urar lantarki mai juya taya ko fanka, kai tsaye da zobba, sai da allon tuƙi da batir nata daban. Na'urar da ke mayar da bolt 5 ma na iya lalata shi.

Abin da ya fi damuna ba ya jikin allon. Yara na son sa fitilu su yi murmushi da lasifika ta yi kiɗa, kuma mako uku za su iya tafiya a haka ba a zana layi ko ɗaya ba. Idan darasin na lissafi ne, malam ya loda umarnin awo tun kafin a shigo aji, ya bar koyon rubuta umarni ga darasin kwamfuta. Allo ɗaya ga ɗalibai uku ya fi dacewa: mai saita kaya, mai rubutu, mai duba awo da agogo ko ma'aunin hannu, suna musanya a kowane gwaji. Da sun kai biyar, biyu 'yan kallo ne. Makarantar da ke da kunshin 10 za ta iya ɗaukar aji mai ɗalibai 30, in ta ƙara wayoyi 40 masu bakin kada, ma'aunin DS18B20 guda 10 da resistocinsu, da kwamfuta ko da uku ce da rukunai za su riƙa kwafe bayanansu bi da bi.