Lissafin Hajiya ko na yaron shago: wanne ne matsakaicin gaskiya?

Hajiya, tambayarki ta iso. Kin ce a shagonki na atamfa da ke Kasuwar Wunti a Bauchi, kin fitar da matsakaicin cinikin rana na wata uku kin samu naira 50,000, yaronki kuma ya samu 60,000, alhali littafi ɗaya kuka duba. Babu wanda ya yi kuskuren tarawa a cikinku. Hanya ce ta bambanta.

Ga abin da kika turo: a Yuli kun buɗe kwana 25, kullum kusan 40,000. A Agusta kin yi tafiya, kwana 10 kacal aka buɗe, amma masu haɗa lefe suka yi ta zuwa, rana ta kai 100,000. Satumba ta koma kamar Yuli.

Shi yaron ya ɗauki 40,000 da 100,000 da 40,000 ya tara, ya raba uku. Wato ya ba kowane wata ƙuri'a ɗaya, ya sa watan kwana 10 ya zauna kafaɗa da kafaɗa da na kwana 25. Ke kuwa kin tara kuɗin duka, miliyan uku, kin raba da kwana 60 da aka buɗe. Kowace rana da nata nauyin ke nan.

Gwajin mai sauƙi ne. Ninka amsar kowa da kwana 60. Taki ta dawo miliyan uku cif. Tasa ta ba da miliyan uku da dubu ɗari shida. To ina dubu ɗari shidan? Ba ta taɓa shiga aljihun tebur ba. Hanyarsa tana da tabbas ne kawai idan kwanakin watannin sun zo ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa a kasuwa ba. Kada dai ki yi masa faɗa, masu digiri ma suna faɗa wa wannan ramin.

Sai dai ko naki lissafin yana da inda zai yaudare ki, in kika zo gwada bana da bara. Mu cinikinmu Sallah yake bi, ita kuma tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara a kalandar Bature. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris. Kusan duk rububin goman ƙarshe na azumi ya tashi daga Afrilu ya koma Maris. Wanda ya jera wata ukun farkon shekarun nan biyu zai ɗauka kasuwa ce ta buɗe, nan kuwa Sallah ce ta sauya masauki. Ni da zan ba ki shawara, ki buɗe wa azumi shafinsa daban a littafin, ki riƙa gwada azumin bana da na bara.

Allah ya ƙara albarka a kasuwa.