Zanzibar, Maldives ko Seychelles: ina ya kamata ka kai iyalinka hutu?

Tun da na dawo daga Zanzibar karo na biyu, da wuya mako ya wuce wani bai kira ni ba yana tambaya: in mutum ya tara 'yan kuɗinsa yana son kai iyali hutu tsibiri, ina ya fi? Sunaye uku ko huɗu ne kullum a bakin mutane, wato Maldives, Seychelles, Mauritius da Zanzibar, dukkansu a Tekun Indiya. Ba zan ɓoye ba, ni Zanzibar nake turawa kowa. Amma bari in fara da sauran, don kada a ce ban yi musu adalci ba.

Maldives ita ce wadda hotunanta suka fi cika waya: ɗakunan katako a tsaye kan ruwa, ruwan kuma garau har kana hango kifi. Tsibirai ne sama da 1,100, ƙasar Musulmi ce, kuma ana ba baƙo bizar kwana 30 a filin jirgi. Matsalarta tsarin otal ɗinta. Yawancin manyan otal-otal kowanne tsibirinsa guda, in an sauke ka a can ba kasuwa, ba gari, ba inda za ka sayi ko ruwan sha sai a hannunsu, a farashin da suka ga dama. Kuɗin da ka gani a intanet ba shi ne za ka biya ba, domin haraji da kuɗin hidima sukan ƙara sama da kashi ɗaya bisa huɗu, ga kuɗin kwalekwale ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa da zai ɗauke ka daga Male, babban birnin ƙasar, wanda shi kaɗai kan iya cinye kuɗin kwana biyu. Akwai masaukai masu sauƙi a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, tun da aka ba da izinin buɗe su a 2009. Ga ango da amarya masu hali, kwana huɗu a Maldives ba laifi. Ga mai 'ya'ya uku, kwana biyu za su gaji da kallon ruwa.

Seychelles kyakkyawa ce, tsibirai 115, amma tsada gare ta, kuma a 2023 hukumominta suka tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga yawon buɗe ido. Ba na ba kowa shawarar zuba kuɗi a inda ba a yi marhabin da shi ba. Mauritius kuwa tana da Musulmi da yawa da babban masallacin Juma'a a Port Louis, sai dai tafiyar da nisa, kuma daga Janairu zuwa Maris lokacin guguwar teku ne.

To, Zanzibar.

Zanzibar wani yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa ta cikin gida tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma in mutane suka ce Zanzibar, Unguja suke nufi. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano da Abuja da Legas da Yamai zuwa Adis Ababa, daga can ka sauya wani ya sauke ka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume. Ba sai ka bi ta Turai ko ƙasashen Larabawa ba.

Abin da ya kama zuciyata ba rairayin bakin teku ba ne, gari ne. Tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, kamar ka shiga cikin birnin Kano ta wajen Kurmi, sai dai gidajen benaye ne na dutsen teku, da manyan ƙyamaren katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Da asuba kiran salla ke tashe ka daga masallatai uku ko huɗu lokaci guda. Kusan kowa Musulmi ne, don haka ba ka tsayawa tambayar ko naman nan na halal ne. Mai ɗakina ta yi yawonta da hijabinta, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta, don matan garin ma haka suke. Yarensu, Suwahili, cike yake da kalmomin Larabci da kunnen Bahaushe ya saba da su: sabuni, dunia, Alhamisi, asubuhi. Ka yi sallama, a amsa maka da fara'a.

Da magariba sai a nufi Forodhani, wani fili a bakin ruwa inda masu abinci ke jera tebura da fitilu. Can na fara shan urojo, wani romo mai ɗan tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai irin nasu da tsire. Kusa da mu wani saurayi yana tura sandar rake cikin injin matsa, yana haɗawa da citta da lemun tsami, ruwan na gangarowa cikin bokiti mai ƙanƙara. Ƙaramin ɗana ya sha kofi uku a tsaye. Amma ka tambayi farashi kafin a ɗora maka komai a faranti, musamman kifi da sauran naman ruwa, kuma ka duba an gasa shi a gabanka, ba wanda ya kwana ba.

Garin yana da tarihin da ya kamata yara su ji. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, nan ya maido da fadarsa daga Maskat, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari. Nan aka yi babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka har aka rufe ta a 1873, kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin suna sa jikin mutum ya yi sanyi. A kudancin tsibirin, a Kizimkazi, akwai masallaci mai rubutun Larabci na shekarar 1107. Rabin yini kuma ya ishe ka zagaya gonar kayan ƙamshi, ka ga kirfa da masoro da kanumfari a jikin itatuwansu, abubuwan da mu sai a ƙulle a leda muke ganinsu. Akwai jajayen birai a dajin Jozani, akwai manyan kunkuru a tsibirin Changuu.

Wajen zaɓen bakin teku ne mutane ke yin kuskure. Gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani, ruwa yakan janye nesa sau biyu a yini, ya bar fili fetal inda mata ke noman ciyawar teku. Da kyan gani, da natsuwa, amma in yara wanka suke so, sai su jira ruwa ya dawo. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya yin nisa, ana shiga kowane lokaci, sai dai can ne Turawa suka fi cika, da shigarsu da kaɗe-kaɗensu da mashayarsu. Mai iyali ya nemi otal ɗin da ke ɗan gefe. Ni dai tsarina, kwana uku a Stone Town, huɗu a bakin teku. Ka guji Afrilu da Mayu, lokacin babbar damina ne. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Tafiyata ta farko, wani ejan na samu a shafin sada zumunta, hotuna masu kyau, mabiya dubbai, farashi ƙasa da na kowa. Na tura masa kuɗin otal na kwana shida a asusunsa, ya turo min takarda mai tambarin otal da lamba. Muka sauka da dare, da mata da yara da akwatuna, mai karɓar baƙi ya duba kwamfuta ya ce lambar nan an kama ɗaki da ita, amma ba a biya ba, an soke ta kwana biyu da suka wuce. Na kira ejan, waya a kashe. A daren nan na sake biyan kuɗin ɗaki daga guzurinmu, yarana suna barci a kan kujerun zaure. Har yau in na tuna fuskar matata a lokacin, raina yana ɓaci.

Yadda suke yi ke nan. Akwai shafukan kama ɗaki da ke barin mutum ya riƙe ɗaki ba tare da ya biya ba, ya soke daga baya kyauta. Sai macuci ya kama da sunanka, ya turo maka takardar gaske, ya karɓi kuɗinka, sannan ya soke. Haka ake yi da tikitin jirgi: a riƙe maka kujera, a ba ka lamba mai haruffa shida, ka duba ka ga sunanka, alhali ba a fitar da tikiti ba. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. In babu ita, cinikin biri a sama ka yi. Kafin ka saki ragowar kuɗi, nemo lambar otal ɗin da kanka, ba wadda ejan ya ba ka ba, ka kira ko ka tura imel, ka tambaye su abu ɗaya: an biya, ko an riƙe ne kawai? Ka je ofishin ejan da ƙafarka, ka karɓi rasit. In ya ce asusun kamfani na da matsala, ka tura a na ƙaninsa, tashi ka bar wurin.

Sai biza. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, ya jira a amince, kuma yakan ɗauki makonni. Duk wanda ya ce zai fitar maka da ita cikin kwana biyu don yana da mutum a ciki, ƙarya yake. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma, kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44, ko da yana da wata, kuma akwai shafukan bogi masu kama da na gaske da ke ƙara kuɗi a kai. Katin allurar shawara ma ana tambaya. Je ka a yi maka allurar a ba ka kati na gaskiya, kada ka sayi na bayan fage.

A Zanzibar ɗin ma akwai nasu macutan. 'Yan garin suna kiransu papasi, wato kaska, samari masu manne wa baƙo a tashar jirgin ruwa da bakin teku, su ce za su kai ka ganin kifayen dolfin ko su sayo maka tikitin jirgin ruwan Darussalam. Tikitin nan taga gare shi, saya da hannunka. Yawon kwalekwale kuwa ka shirya ta otal ɗinka, ka tabbatar akwai rigar ceto daidai da yawanku, har ta yara, kafin a kunna inji. Na ga iyali an ɗora su mutum tara da riga huɗu.

In ka yi alkawari da direba, ka tantance ƙarfe nawa yake nufi. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, don haka saa moja, ƙarfe ɗaya nasu, shi ne bakwai na safe a agogonka. Ranar komawa filin jirgi, nuna masa lokacin a fuskar wayarka, ya gani da idonsa.