Jigo da Zubi: Inda Suka Rabu a Nazarin Ƙagaggen Labari

Malama, kin ce an ba ki aikin fito da jigon wani ƙagaggen labari, kin cika shafi guda, amma aka mayar miki da takardar cewa abin da kika rubuta zubi ne, shi ya sa kike tambayar inda biyun suka bambanta.

Jigo shi ne saƙon da labari yake ɗauke da shi, wato manufar da ta sa marubuci ya ɗauki alƙalami tun farko. Zubi kuwa, wanda manazarta suka fi kira zubi da tsari, shi ne yadda aka jera abubuwan da suka auku, da abin da aka gabatar, da abin da aka jinkirta, da yadda wannan lamari ya haifar da wancan har rikici ya kai ƙololuwa aka warware shi. Zubi a fili yake, ana iya bin sawunsa babi bayan babi, amma jigo sai an karanta labarin an kai ƙarshe sannan a tsamo shi, domin ba kasafai gwanin marubuci yake furta shi ɓaro-ɓaro ba.

Mu ɗauka wani mutum zai yi doguwar tafiya, ya bar wa amininsa ajiyar dukiya, aminin ya cinye, ya kuma rantse cewa ɓarayi ne suka kwashe, bayan shekaru sai mai dukiyar ya ga zobensa a yatsan ɗan aminin. Duk wannan zubi ne. Jigon shi ne cin amana, kuma idan ana son a faɗe shi cikakke, sai a ce cin amana ba ya ɓoyuwa komai daɗewa. Da marubucin zai buɗe labarin da ranar da aka ga zoben, sannan ya koma baya ya nuna ranar ajiya, da zubi ya sauya gaba ɗaya, mai karatu ya shiga ɗokin sanin yadda zoben ya isa wannan yatsa, alhali jigo yana nan inda yake. Irin wannan komawa baya ce a littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, inda labarin ya faro da malamin, wato Shaihu Umar, ya riga ya girma, almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya warware tarihinsa tun daga ƙuruciya. Wannan tsari ne. Bauta, wato mayar da mutum bawa, da raba ɗa da uwa da take yi, shi ne ɓangaren jigo.

A ganina, abin da yake rikita ɗalibai shi ne warwarar jigo, wato bayanin yadda jigon ya fito a cikin labari, saboda a nan dole a kawo hujja daga abubuwan da suka faru, sai mutum ya zarce da ba da labari bai sani ba. Ki sake duba shafin naki: duk jimlar da ta fara da "daga nan sai" ko "bayan haka", kuma sunan tauraron labarin ne yake jan ta, zubi kike bayani. Ki fara da jimla ɗaya da za ta tsaya da ƙafarta ko babu sunan kowa a ciki, sannan ki zaɓi wurare biyu ko uku kacal daga labarin da suke tabbatar da ita, sauran ki ajiye su har ki zo kan zubi da tsari.