Sa'a guda a sama, yini biyu a ƙasa: tafiyarmu da Hajiya daga Tawa zuwa Yamai

Shekara da shekaru ina bin hanyar Tawa zuwa Yamai a bas, kuma ban taɓa ganin dalilin da zai sa ɗan albashi irina ya nemi wata hanya ba. Ana tashi kafin asuba, a bi ta Badagishiri, a faɗa babban titi a Tsarnawa, a tsaya Ƙonni a karya kumallo, a wuce Dogon Dutsi da Doso, in Allah ya kiyaye taya da inji a shiga Yamai da la'asar, an ci kilomita wajen 550. Mai lafiya yakan jure wannan, ya kwana ɗaya gajiya ta sake shi. To amma a watan Janairun da ya wuce likita ya tura mahaifiyata Yamai don a duba ƙashin bayanta, kuma tsohuwar da ba ta iya sallah a tsaye ba za a zaunar da ita yini guda a kujerar bas ba, ga girgiza, ga sauka da hawa a kowane shinge don nuna katin ɗan ƙasa. Wannan ne ya sa na sayi tikiti biyu a wajen wani kamfanin jiragen sama na cikin gida da ke tallata kansa da rangwame. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa.

Kalmar rangwame ita ce farkon abin da ya kamata mai niyya ya auna. Kuɗin tikiti guda ya isa ya kai mutum Yamai ya dawo da shi a bas fiye da sau ɗaya, har ya rage na tsaraba. Arahar kawai ita ce idan an gwada shi da ɗaya farashin na kamfanin, wanda ke ba mutum damar sauya rana ko karɓar kuɗinsa. Na gwada saye ta intanet abin ya ƙi, sai na je ofishinsu na cikin gari, ɗaki guda da kwamfuta guda, na biya kuɗi hannu. Yarinyar da ke wurin tana da fara'a, ta gaishe ni har da tambayar mai jiki, amma ba ta ce mini uffan ba game da sharuɗɗan da ke ƙasan takardar, waɗanda aka rubuta da Faransanci cikin ƙananan baƙaƙe. Ni na karanta su a gida. Sai dai akasarin waɗanda na gani a layi ƴan kasuwa ne da dattawa masu jin Hausa da Buzanci, kuma a ganina duk sharaɗin da zai ci wa mutum kuɗi haƙƙinsa ne a faɗa masa da bakin da yake ji kafin ya miƙa kuɗinsa.

An rubuta mana tashi ranar Talata da ƙarfe 11 na safe, ganin likita kuwa Laraba da safe. Na ɗauka na yi dabara.

Filin jirgin Tawa ƙarami ne, kuma ƙanƙantarsa ita ce daɗinsa. Daga gida, ta kan titunan da garin ya samu albarkacin bikin ranar Jamhuriya da aka kira Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017, ba mu yi minti ashirin ba muka isa. Daga inda mota ta ajiye mu zuwa wurin awon kaya taku kaɗan ne, daga nan zuwa wurin duba takardu ma haka, babu bene, babu dogon zaure da zai sa tsoho haki. Jami'an tsaro sun duba katinmu cikin mutunci, ɗayansu ma ya tashi ya ba Hajiya kujerarsa tun ban roƙa ba.

Wurin awon kaya ne muka fara karo da kamfanin. Hajiya ba ta san zuwa gidan ɗanta hannu rabbana ba, don haka bayan akwatin tufafinta ta haɗa buhu guda: cuku da aka kawo mata daga Abalak, gabu, busasshiyar kuɓewa, da ƙullin garin kunu wanda ta ce na Yamai ba ya kama shi. Mai awon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ɗora buhun a kan sikeli, ya dubi allura, ya dube ta, ya ce, “Hajiya, kin haura da kilo bakwai.” Ta juyo gare ni ta ce, “Auta, wanga awo na mine ne? Jirgin Makka da ya ɗauki jama'a kamar kasuwa bai tambaye ni cukuna ba.” Dattijon ya yi dariya ya ce mata wancan babban jirgi ne, wannan kuwa ɗan ƙaninsa ne. Na biya jikka bakwai, aka ba ni rasit, ita kuwa ta ce da ta sani da ta aika da buhun tasha a kan jikka biyu. Gaskiyarta ce, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan: a sa kaya a bas tun jiya, a hau jirgi da akwati guda.

Ban ga laifin kamfanin a kan awon ba, ko da yake na ji mutane suna gunaguni cewa dabarar tatsar kuɗi ce. Ƙaramin jirgi mai farfela yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma iyakar tana raguwa idan rana ta yi zafi, domin iska mai zafi ba ta da kaurin da za ta tallafi fiffike kamar mai sanyi. Matuƙi yana lissafa nauyin mutane da na kaya da na mai kafin ya kama titi. Wanda ya saba da motar kasuwa, inda ake ɗora buhu a kan buhu har sai direba ya ce ya isa, zai ga abin kamar rowa, amma a nan ran mutane ake aunawa.

Laifin da na gani a zaman jira yake. Tun da muka fito gida garin ya yi fari fat da hazo, rana kamar faranti, ana kallonta ido ba ya ƙyaftawa. Duk ɗan Adar, wato yankinmu na Tawa, ya san wannan buji na hunturu da iskar gabas maso arewa ke kwasowa daga hamada, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ba sai an yi karatun tuƙi ba kafin a gane cewa matuƙin da ba ya hango titi ba zai sauka ba. Babu wanda ya nemi a sauko da jirgi cikin duhu. Abin da muka nema shi ne a gaya mana halin da ake ciki. Ƙarfe 11 ta wuce aka ce yana hanya. Muka yi azahar aka ce saura kaɗan. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya kira ƙaninsa a Yamai, ƙanin ya tambaya a can, aka ce masa jirgin ko motsawa bai yi ba tun safe. Ashe sa'o'in da muka yi muna daga kai duk lokacin da muka ji ƙarar babur, abin da muke jira yana fake a inda ya kwana. Sai bayan la'asar wakilin kamfanin ya fito ya ce, “Ku yi haƙuri, sai gobe in Allah ya kai mu,” ya juya.

A tsawon wannan yini ba a ba mu ko ruwan leda ba. Mu ƴan gari ne, muka koma gida muka kwana a gadonmu. Amma akwai wata mata da ta taso daga Keita da jinjiri, da wani malami da ya baro Cintabaradan tun jiya, kuma babu wanda ya tambaye su inda za su sa haƙarƙari. Da an buga mana waya da ƙarfe tara, tunda an karɓi lambar kowa lokacin sayen tikiti, da Hajiya ta yini a kwance a ɗakinta maimakon kujerar ƙarfe, wato ainihin wahalar da na biya kuɗi don in raba ta da ita. Na fahimci cewa kamfani mai jirgi ɗaya ko biyu, da ke zagaya Yamai da Agadas da Damagaram da sauran garuruwa, idan ya makara a wuri guda ya makara ko'ina, kuma ba shi da wani jirgin ajiya da zai turo. Wannan uzuri ne na jinkiri. Ban sami uzurin da zan yi wa “yana hanya” ba.

Laraba hazon ya yi sauƙi, jirgin ya sauka wajen ƙarfe ɗaya. Fasinja da ƙafa suke takawa zuwa gindinsa, ita kuwa Hajiya aka kawo mata keken guragu, wasu samari biyu daga cikin ma'aikatan suka tallafe ta a matakala, mataki bayan mataki, suna cewa “sannu Inna” har ta zauna. Wannan ya wanke mini rabin fushin jiya. Cikin jirgin tsaf yake ko da yake ya sha jiki: kujeru biyu dama biyu hagu, wurin mutum kamar hamsin, fatar kujerun ta koɗe, teburin gabana sai da na danne shi da gwiwa. Akwai zafi kafin a tashi, domin sanyin ba ya kamawa sai injuna sun yi ƙarfi. An yi bayanin ɗamara da ƙofofin gaggawa da Faransanci, amma ma'aikaciyar ta zo ta durƙusa kusa da Hajiya ta maimaita mata da Hausa, ta ɗaura mata ɗamarar da hannunta.

Kujerunmu suna daidai saitin farfela, kuma wanda ke da zaɓi ya nemi na can baya, domin a nan ƙarar tana shiga har haƙori, magana ma sai da ɗaga murya. Hajiya ta riƙe carbinta da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙe mini wuyan hannu, ba ta sake ni ba sai da jirgin ya daidaita. Na ba ta dabino tana taunawa saboda toshewar kunne. Ta taga na ga ƙasarmu yadda ban taɓa ganinta ba: jajayen tuddan Adar an tsattsaga su da ƙoramu busassu, can ƙasa kuma a cikin fadamu ƴan filaye kore shar na albasa, kamar an yar da gyale a kan yashi. Daga baya sai fari da ja kawai, har muka tsallake faffaɗan kwarin Dallol Boso. An raba ruwa da ɗan biskit, ba abin yabo ba ne, ba kuma abin zargi ba a tafiyar da ba ta fi zaman shayi guda ba. Jirgin ya ɗan yi tangal-tangal lokacin da ya fara gangarowa, abin da ba a rasa shi da tsakar rana idan ƙasa ta ɗauki zafi, sai ga kogin Kwara da gonakin shinkafa a bakinsa. Na duba agogo, sa'a ɗaya da ƴan mintoci. A bas, da yanzu ko Ƙonni ba mu kai ba.

Filin jirgin Diori Hamani, wanda aka sabunta a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, na sha hango shi ta tagar bas idan mun shigo ta hanyar Doso, ban taɓa shiga ba sai ranar. Kayanmu sun fito ba da daɗewa ba, akwati lafiya, amma an danne buhun, cukun ya farfashe ya zama gutsattsari. Hajiya ta ce ba komai, dama a shayi za a jiƙa shi. Yayana yana jiran mu a waje, kuma abin da ya fara lura da shi shi ne ta sauko daga mota a ƙofar gidansa da ƙafarta, ta zauna ta ci tuwo, har ta yi hira da jikoki zuwa isha'i. Zuwanta na baya a bas, kwana biyu ta yi ba ta tashi daga shimfiɗa ba.

Ganin likita kuwa ya wuce mu, aka mayar da mu Litinin ta gaba. Hakan ya ture ranar komawa, kuma da na je sauya tikitin aka nemi in biya tarar da ke cikin ƙananan baƙaƙen nan. Na ce musu jinkirin daga gare su ya faro, suka ce daga Allah ne. Mun yi ta ja har wani babba ya fito ya yafe rabi, rabin kuma na biya ina ƙunƙuni. Idan na haɗa tikiti da kuɗin kilo da tara da motar zuwa filin jirgi sau biyu, sai in tuna da maganar mutanen da cewa araha ba ta ado.

Duk da haka ba zan ce kada a hau ba. Ga maras lafiya, ko tsoho, ko mace mai tsohon ciki da likita ya yarje mata, abin da jirgin nan ke sayarwa shi ne hutun jiki, kuma wannan ya cika alkawarinsa. Abin da ba ya sayarwa shi ne tabbacin rana, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da buji ke tashi, don haka mai jarrabawa, ko zaman kotu, ko jirgin ƙasar waje da zai kama a Yamai, ya bar kwana biyu tsakani, in kuwa ba zai iya ba, bas ɗin asuba ya fi masa aminci.

Hutun da na ɗauka a wurin aiki ya ƙare kafin a sallami Hajiya, sai na dawo Tawa a bas na bar ta wajen yayana, ta biyo baya a jirgi bayan mako biyu. Ranar da za ta sauka ban kira ofishin kamfanin ba. Dattijon nan mai awon kaya na kira, wanda na karɓi lambarsa tun ranar Talatar da muka yini tare. Ya ce, “Malam, zauna gida tukuna, bai taso ba. In ya taso ni zan kira ka.” Ƙarfe biyu da rabi ya kira, na isa ina ajiye babur ana buɗe ƙofar jirgi.