Jirgin ruwan kallon kifin wel a Hermanus, ya kai kuɗinsa amma ba kowa za a ɗauka ba

Tunda muka dawo Kano ƙawaye ke ta tambayata a WhatsApp wai ya jirgin ruwan nan yake, kuma ya kai kuɗin da ake biya? To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Hermanus ƙaramin gari ne a bakin teku a Afirka ta Kudu, wajen kilomita 120 daga Cape Town, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota. Abban yara ne ya je taro lokacin dogon hutu muka bi shi, ni da yaran da Hajiya babarsa. Watan Agusta ne, mu nan muna damina su can hunturu suke yi, kuma wallahi sanyin kan ruwan nan ya fi muku-mukun Janairu na Kano saboda iska ce mai jiƙa mutum. Amma lokacin kenan da ya dace, don daga Yuni zuwa Nuwamba kifayen wel, wato ƙattin halittun nan na teku, ke tasowa daga ruwan Antatika su shigo Walker Bay, gaɓar tekun da Hermanus ke bakinta, su haihu su yi raino.

Abin da ya fara burge ni da kamfanin, kafin mu hau sai da suka zaunar da mu suka yi bayani, kowane yaro aka gwada masa rigar ceto daidai jikinsa aka ɗaure, ba wai a miƙa maka kawai ba. Sannan suka faɗa mana ƙarara cewa ba za su bi kifi a guje ba, dokar ƙasar ta hana jirgi matsawa kusa da mita 300, masu lasisi irin su ne kawai ake bari su kai mita 50, daga nan direba zai rage inji a tsaya, in kifin ya ga dama ya zo da kansa.

Kuma ta zo. Uwa ce da ɗanta a gefenta, baƙa wuluk, irin su suna kai mita 15 a tsawo nauyi kuma ya haura tan 40, ta ɗago kai kusa da jirgin ta fesar da numfashi ya rabu biyu a sama, ƙarar har cikin ƙirji na ji ta. Ni dai Subhanallah kawai nake maimaitawa, wayar na hannuna amma ban iya ɗaukar komai ba. Jagorar ta nuna mana wasu fararen ƙuraje masu kaushi a kanta, ta ce kowane ɗaya da tsarin nasa, da su masu bincike ke gane wannan daga wancan. A gaskiya ma ba kifi ba ne, iska take shaƙa kuma nono take ba ɗanta, haƙori ma babu, ƙananan halittun ruwa take tacewa ta haɗiye. Babban ɗana ya riƙe min hijabi ya ce Umma wannan ne ya haɗiye Annabi Yunus? Na ce Allah ne mafi sani, amma kalli girman abin da Ya halitta. Don wannan mintunan kaɗai ban yi baƙin cikin kuɗin ba, duk da a rand ake biya kuma in ka juya shi naira sai ka ji a jikinka.

Yanzu inda suka gaza. Maganar jiri da amai sai da muka isa tashar jirgin suka ambata, alhali maganin ana so a sha tun kafin a hau da kamar awa guda, da sun rubuta a saƙon da suka turo mana da mun shirya. Hajiya tun da muka fita daga tasha ta fara amai har muka dawo, awa biyu cur, autata ma haka, na shiga da su ciki don sanyi sai warin dizal ya ƙara tayar musu da zuciya. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, sun kawo leda da ruwa suna ta cewa a kalli nesa kar a sunkuya, amma tausayin baiwar Allah nan bai bar ni ba. Banɗakin kuma ɗan ƙarami ne babu buta, ku tafi da gorar ruwa.

Mun kuma ga dabbobin sil, wasu dabbobin teku masu fuska kamar ta kare, suna ta wasa a ruwa, a kan hanyar komawa muka tsaya Betty's Bay yara suka ga tsuntsayen fengwin da rema a kan duwatsu.

Shawarata, ku ɗauki jirgin safe, kun dawo kafin azahar ba ku rasa salla ba, kuma ku bar rana ɗaya a ajiye don in teku ta yi fushi soke tafiyar ake yi. Tsofaffi da ƙananan yara kuwa don Allah kar a hau da su, akwai hanyar ƙafa a saman duwatsun bakin ruwa mai kusan kilomita 12, kyauta ce ga kujeru, daga nan ma ana hango kifayen sosai, har akwai mutumin da aikinsa busa ƙaho ya sanar da inda suka ɓullo.