Hoton Ƙwaƙwalwa a Ingila da Abin da 'Yan Gida Za Su Kula da Shi

'Yan uwa, a nan Ingila in babba ya yi farfaɗiya karon farko, ko ciwon kai da ke tsananta da asuba tare da amai ya kai shi sashen gaggawa, hoton CT, wato hoton cikin kai da hasken X-ray, ake fara yi masa. Minti kaɗan an gama. Yana saurin nuna jini da kumburi, amma ƙaramin ƙari, wato tsiron da ke fitowa a ƙwaƙwalwa, musamman ta wajen ƙeya inda ƙashi ya yi kauri, yakan ɓuya masa. Shi ya sa ake bi da MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu.

Injinan MRI na nan yawanci masu ƙarfin Tesla 1.5 ne ko 3 (Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). A gida har yanzu akwai masu 0.2 zuwa 0.35, kuma hotonsu bai kai na waɗancan fitowa ba, don haka ku tambayi ƙarfin injin kafin ku biya. Babban injin da wuyar riƙo yake: maganaɗisunsa na cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, in wuta ta daɗe a ɗauke hiliyom ɗin sai ya fara tafasa, ya zama iska ya fice.

Abin da ya fi damuna shi ne allura. Hoton neman ƙari ana ɗaukarsa kafin a zuba gadoliniyom, ruwan allurar da ke haska hoto, a jijiya, a sake ɗauka bayan an zuba, domin yawancin ƙari sai da ita yake haskawa a ga iyakarsa. Wanda ya tsallake ta don rage kuɗi yakan biya sau biyu. Mai ciwon ƙoda da mai ciki su faɗa tun da wuri. Aikin kan ci minti 30 zuwa 45, kan mutum a cikin wani abu kamar keji, ga ƙara; motsi kaɗan ya ɓata hoton. A cire fil ɗin hijabi da 'yan kunne, a wanke kwalli, don ƙarfen da ke cikinsa na dusashe wajen ido. Mai batirin zuciya kada ya shiga sai an tantance.

Mazaunin ƙasa ba ya biyan NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a nan, kuɗin hoto, sai dai ya jira layi. Baƙon da ya zo jinya kuwa kashi 150 cikin 100 na farashin ake cajinsa. Gara a yi hoton a gida, a karɓi faifan CD mai ɗauke da duk hotunan da injin ya ɗauka, domin likitan tiyata a nan ba ya aiki da fim ɗin da aka ɗaga wa taga aka ɗauka da waya. Irin ƙarin kuma sai an ɗebi tsoka an duba ake tabbatarwa.