Muskadin ko Konkod: wane inabi zan shuka?

'Yan uwa mazauna Amurka sun yi ta tambayata wanne za su dasa a bayan gida.

A fara duba yanayin garinku. Muskadin ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, su Jojiya da Karolina ta Arewa, zafi da laima ba sa damunsa, kuma yana jure cutar Pierce da ke kashe inabin Turai a yankin. Konkod, wanda Ephraim Bull ya samar a Masachusets a 1849, sanyi ne gidansa.

Wajen ci kuwa, Muskadin sai mai haƙuri. Ɓawonsa kauri gare shi, ga ƙwallaye. Ana ɗan cije shi, a zuƙe cikin. Ni dai ba na zubar da ɓawon, dafa shi nake da sukari ya zama jam mai ƙamshi. Mutanen kudu kuma suna yin giya mai zaƙi da shi. Konkod ya fi sauƙin matsewa. Da shi Thomas Welch ya yi ruwan inabi marar barasa a 1869.

In kana kudu, kana son kurangar da ba ta buƙatar feshi sosai, Muskadin naka ne. Mazaunin Niyok ko Mishigan mai son ruwan inabi don yara, ya nemi Konkod.